Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Garaɓasa

Zuwa ga Hajiya Garaɓasa,
Uwar ɗakin masu talla,
Duk inda wayar hannu ke kama sabis.

Ranki ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da 'yar aikinki, ƙaramar tauraruwar nan da ke maƙale a ƙarshen kowane alkawarinki. Ina gajiya, yaya fama da jama'a? Na san hidima ta yi miki yawa. Azumi kina nan, ƙaramar Sallah kina nan, babbar Sallah da Kirsimeti kina nan, kai har ranar da babu dalilin komai sai mu wayi gari mu gan ki a Facebook tsaye kusa da sabuwar mota kina murmushi.

Na rubuto ne a madadin jama'ar da kika taya murna amma ba ki ba su komai ba. Muna da yawa, Hajiya, sai dai ba mu san juna ba, domin kowa ɓoye abin da ya same shi yake yi.

A da can muna haɗuwa da ke a ƙarƙashin murfin kwalbar lemo ko a bayan katin waya da ake kankarewa. Yanzu kin waye, kin koma intanet. Sai ki ce mu bi shafin kamfani, mu danna alamar so, mu ambaci sunayen abokai biyar, mu tura saƙon zuwa zauruka goma na WhatsApp, sannan mu sayi kaya mu turo hoton rasit. Mu yi duk wannan da datarmu da mutuncinmu, har surukai mu tura musu. Kamfani ya samu tallar da ko gidan rediyo ba zai yi masa kyauta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ranar fitar da gwani kuwa sai labari ya sha bamban. Wani lokaci a ɗaga ranar, a sake ɗagawa, har kowa ya manta. Wani lokaci a sanar da sunan da babu wanda ya taɓa ganin mai shi. Wanda kuma Allah ya ci da shi aka kira sunansa na gaskiya, in ya je karɓar firiji sai a miƙo masa riga mai tambarin kamfani. Da ya buɗe baki, sai 'yar aikinki ta fito ta ce ai tun farko an rubuta akwai sharuɗɗa da ƙa'idoji. An rubuta kam, da baƙaƙe ƙanana kamar ƙwayar gero, cikin Turancin lauyoyi, a wani shafi da sai an danna sau uku kafin a iske shi.

Hajiya, na bi asalinki, kuma ashe ba yau kika fara shiga kotu ba.

A shekarar 1891, a birnin Landan, wani kamfani mai suna Carbolic Smoke Ball ya buga talla a jarida. Yana sayar da wata 'yar ƙwallon roba da ake shaƙar maganin da ke cikinta, ya kuma yi alkawarin fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da ita sau uku a rana har mako biyu amma mura mai tsanani ta kama shi. Don kada a ɗauka wasa ne, sai ya ƙara da cewa ya ajiye fam 1,000 a bankin Alliance. Wata baiwar Allah, Louisa Carlill, ta saya, ta shaƙa yadda aka ce, kuma a watan Janairun 1892 mura ta kwantar da ita. Da ta nemi kuɗinta, lauyoyinki suka ce ai zuzuta haja ce irin ta 'yan kasuwa, kuma ba a ƙulla yarjejeniya da duniya baki ɗaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba ta yarda ba. Wanda ya yi shela ga jama'a cewa duk wanda ya yi kaza zai samu kaza, to wanda ya yi ɗin ya karɓi tayin, kuma biya ya zama dole. Wanda ke wasa ba ya ajiye fam dubu a banki. Har gobe duk ɗalibin lauya a Zariya ko Kano ko Legas sai ya karanta wannan shari'a, domin dokar yarjejeniya ta Najeriya daga ta Ingila ta samo tushe.

Ba zan ɓoye nasarorinki ba, kada ki ce na yi miki rashin adalci. A 1996 kamfanin Pepsi ya yi talla a talabijin ɗin Amurka: tara maki ka karɓi riga ko tabarau, a ƙarshe kuma aka nuna jirgin yaƙi samfurin Harrier a kan maki miliyan 7. Wani matashi, John Leonard, ya lura cewa ana sayar da makin a kan santi goma kowane ɗaya. Ya nemo masu zuba kuɗi, ya aika da cakin dala dubu 700 da 'yan kai, ya ce a kawo masa jirginsa. A 1999 mai shari'a Kimba Wood ta yanke cewa babu mai hankalin da zai ɗauki wannan talla da gaske. Kin ci wannan. Haka a ƙasar Filifin a 1992, inda aka sanar da lamba 349 a matsayin wadda ta ci feso miliyan ɗaya, alhali an buga ta a murafen kwalabe kusan dubu 800. Kamfanin, wato Pepsi ɗin dai, ya ce kuskure ne, ya ba da feso 500 na ban haƙuri. Aka yi tarzoma, aka rasa rayuka, aka shafe shekaru ana shari'a, a 2006 kotun ƙoli ta wanke kamfanin. Kin ci wannan ma, in ana kiran irin wannan ci.

To amma ki lura da abin da alƙalai ke dubawa: shin mutum mai hankali zai ɗauki maganar a matsayin alkawari na gaske? Mu ba jirgin yaƙi kika yi mana alkawari ba. Buhun shinkafa ne, da waya, da keken ɗinki, da babur mai ƙafa uku. Babu alƙalin da zai ce buhun shinkafa raha ce, balle a wannan marra.

Kuma tun kafin Turawa su kai ki gaban alƙali, malamanmu na zaure sun san da zamanki. A fiƙihu akwai babin ju'ala, wato mutum ya sa lada ga duk wanda ya yi masa wani aiki, kuma malamai na kafa hujja da ƙissar Annabi Yusuf, inda aka sa kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya shi ne, idan alkawarinka ya sa mutum ya shiga ɗawainiya ko ya kashe kuɗinsa, to cika shi ya zama tilas, har alƙali na iya matsa maka. Idan kuwa sai an biya kuɗi don kawai a shiga ƙuri'a, malam ba zai kira ki Garaɓasa ba, Caca zai kira ki. Hausawa kuma sun gama magana tuntuni: alkawari kaya ne.

Yanzu bari in sanar da ke abin da nake gaya wa jama'ata, don kada ki ce an yi miki kwanton ɓauna.

Akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar CPC. Dokar ta haramta yi wa mai saye bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa game da kaya ko hidima. Ta ce a yi masa bayani da harshen da zai fahimta, ta hana cusa masa sharaɗin zalunci, ta kuma ce sharaɗin da ke rage alhakin kamfani sai an jawo hankalinsa a kai tun kafin ya shiga. Ki gaya wa 'yar aikinki ta karanta wannan da kyau, da ita ake. Hukuncin take haƙƙin mai saye ga kamfani tara ce da ba ta gaza naira miliyan 100 ba, ko kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na bara, duk wanda ya fi yawa. Kuma ƙa'ida ce kamfani ya yi wa garaɓasarsa rajista da hukumar kafin ya fara shela. In kina zaton hukumar ba ta da haƙora, ki tambayi kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp inda kike baje kolinki, wanda ta ci tarar dala miliyan 220 a 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Kamfanonin waya ma ba su manta da 2012 ba, lokacin da hukumar NCC ta dakatar da duk garaɓasarsu saboda cunkoson da ta jawo wa layuka.

Don haka nake ce wa kowa: ranar da ka ga talla, ɗauki hoton fuskar wayarka, da kwanan wata, da sharuɗɗan yadda suke a ranar, domin shafin intanet yana iya sauya kamanni cikin dare. Adana rasit da saƙon da aka ce ka ci. Rubuta wa kamfani takarda, ka faɗi abin da aka yi alkawari da abin da kake nema, ka riƙe kwafi. In sun yi kunnen uwar shegu, kai ƙorafi FCCPC, ana iya yi ta intanet. In kamfanin waya ne, kira 622, layin NCC na kyauta. In tallar kanta ce ƙarya, akwai ARCON mai sa ido a kan tallace-tallace. Wasu jihohi, kamar Kano, suna da tasu hukumar kare masu saye. Sannan ƙofar kotu a buɗe take, har da kotunan ƙananan da'awa irin na Legas da Kano, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba.

Akwai kuma wata mai yawo da sunanki da mayafinki, wadda ke cewa wani babban kamfani na rabon kuɗi, a danna nan, a biya kuɗin rajista, a turo lambar BVN da lambar sirri da banki ya aiko. Kin ce ba ki san ta ba, na kuma yarda, ko da yake kamar ta yi yawa. Ita ba maganar mai saye da mai sayarwa ba ce, damfara ce tsagwaronta. Maganinta a kira banki nan take a rufe asusu, sannan a nufi 'yan sanda ko EFCC. Kyautar da sai ka biya kafin a ba ka, kai ne kyautar.

Hajiya, na san abin da kike dariya a kai yayin da kike karanta wannan. Kin san duk waɗannan hukumomi, kin kuma san ba su ne matsalarki ba, domin ƙorafin da ba a kai ba ba ya zama shari'a. Babban mai tsaronki ba lauya ba ne, mu ne. Kunya ta hana magidanci ya ce an yi masa romon baka a kan buhun shinkafa. Mai ƙaramar asara ya ce naira 500 ba ta kai a tsaya ɓata lokaci ba, ya bar wa Allah. Amma in mutum dubu 100 kowa ya bar naira 500, an tara naira miliyan 50 ke nan, kuma ba a asusun masallaci ta faɗa ba. Barin abu ga Allah ibada ce, sai dai Allah bai hana mai haƙƙi neman haƙƙinsa ba. Da matar nan ta Landan ta ji kunya ta yi shiru da murarta, da har yau kina cewa zuzuta haja ce.

Ba korarki muke yi ba. Talaka na son kyauta, kuma akwai kamfanonin da ke fitar da ke su cika alkawari a gaban kowa, Allah ya saka musu. Buƙatunmu kaɗan ne. Ki faɗi adadin kyaututtuka da ranar rufewa da yadda za a fitar da gwani. Ki rubuta sharuɗɗa da girman da kika rubuta alkawari, in da Hausa kika yi talla to sharuɗɗan ma su zo da Hausa. Ki nuna lambar rajistarki. Wanda ya ci firiji ki ba shi firiji. Lambobin wayar da kika tara kuma kada mu ji su a hannun masu tallar bashi, don dokar kare bayanai ta 2023 ita ma tana nan.

In kin yi haka, mu da ke sai alheri, har zauruka goman za mu ci gaba da tura ki. In kuma kin ƙi ji, to ba kya ƙi gani ba, sai mu haɗu a inda ake cewa kowa ya tashi tsaye alƙali zai shigo.

Ina jiran amsarki a rubuce, da sa hannu da kwanan wata, domin na daina karɓar maganarki ta baka.

Naki mai ladabi,
Wanda aka taya murna,
kuma ya adana rasit ɗinsa.