Riga Ba Nono Ba Ce, Ɗan Fillo

Taubashina! Ka roƙe ni kada in faɗa wa kowa, na kuwa cika alkawari. Ban faɗa ba, rubutawa na yi.

Laifinmu ne mu Arawa da muka damƙa wa Bafillace ajiyar rigunan ƙwallon samarin unguwa. Ranar da yaran suka je Kore Mairuwa wasan hutun damina, ruwan Agusta ya yi musu dukan kawo wuƙa, sai ka tattara riga goma sha shida sharkaf da zufa da laka, ka cusa cikin buhun shinkafa, ka ɗaure baki, ka tura ƙarƙashin gado har kwana tara. Na san abin da ya ruɗe ka. Tun kana goye kake ganin inna tana rufe ƙwarya da faifai da dare, gari na wayewa madara ta zama kindirmo, shi ne ka ɗauka duk abin da aka rufe ya kwana albarka yake ƙarawa.

To, ya kama kam! Da muka kwance buhun a gindin bedi, mu da kakanninmu suka tsaya wa bindigogin Nasara a Lugu tare da Sarauniya a 1899, kowa ya toshe hanci ya nemi hanyar Matankari. Wuyan riguna da hammata duk ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar gashin zabo. Da kai aka bai wa ajiyar kayan ɗan kokowa Isaka Isaka, da bai taɓa kawo takobin kokowa jihar Dosso ba.

Fumfuna ke nan, ba aljanu ba, ba kuma sammun 'yan Geceme ba kamar yadda kake ta rantsuwa. Aba ce mai rai, irinta na yawo cikin iska, laima da ɗumi da duhu take nema, kwana biyu sun ishe ta ta kafa gida. Zaren roba da ake ɗinka rigar ƙwallo da shi ba ya ciyuwa gare ta, maiƙon jiki da dauɗar da suka manne a kai take kiwo. Kai kuwa har burtali ka share mata.

Sai kuma gyaran gangar auzinawa: ka tuttula jabel. Farar rigar mai tsaron gida ta koma ruwan ɗorawa, robar safa ta saki kamar hantsar tsohuwar saniya.

Buɗe kunne saboda gaba. Fitar da rigunan rana tukuna su bushe ƙayau, ka kakkaɓe da buroshi a fili, ba cikin ɗaki ba, don ƙurar tana sa tari. Ka zuba farin binegar awo ɗaya cikin ruwa awo huɗu, ka jiƙa su awa guda. Inda tabo ya yi taurin kai irin naka, matsa lemun tsami da ɗan gishiri, ka cuɗa a hankali da tsohon buroshin haƙori, in ka san shi. Daga nan a wanke da omo da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, don zafi na ɓamɓare lambar baya. In wari bai tafi ba, a sake jiƙawa da 'yar kanwa daban, a ɗauraye, a juya cikin riga waje, a shanya a rana mai iska. Wannan kuwa ba wasa nake ba: kada ka kuskura ka haɗa jabel da binegar ko lemu, hayaƙin da ke tashi guba ne, yana ƙona huhu. Ina son ranka, wa zan riƙa zolaya?

Da wannan dabarar riguna goma sha uku suka dawo hayyacinsu a hannun uwargidana. Uku fumfuna ta riga ta rina zarensu, sai dai ka sa wa maruƙa. Kuɗinsu yana kanka, amma na san fitar da jaka ɗaya daga lalitar Bafillace ya fi hawan dutsen Dogon Dutsi da azumi wuya. Saboda haka ka aiko da man shanu kwalba biyu da ƙwaryar kindirmo. Ita kam na yarda ka rufe ta ta kwana.