Kujerar da Ke da Sabis

Masu cewa Bahaushe bai iya kallon fim shiru ba gaskiya suka faɗa, sai dai ba su yi masa adalci ba. Tun asali ba don shiru aka gina mana gidajen silima ba. Duk wanda ya riski zamanin Plaza da Orion da Marhaba a Kano ya san yadda ake yi. Yawancin gidajen ba rufi, sai duhu ya shiga ake kunna majigi, kuma da zarar Dharmendra, wanda muke kira Sarkin Ƙarfi, ya tunkari bos, wuri ya kaure da ihu da fito. Wani har miƙewa yake yana gargaɗin jarumi: “Bayanka! Bayanka!” Idan fim ya tsinke, a taru a yi wa afareta wankin babban bargo. Hayaniya ce, ba musu, amma ta fim ce. Abu ɗaya duk muke yi wa ihu.

Abin da ya same mu bayan 2001, shekarar da layukan GSM suka fara aiki a Nijeriya, wata jarrabawa ce daban. Yanzu mutum zai yanki tikiti mai tsada, ya shigo ɗaki mai sanyin esi, ya zauna kusa da kai, ya ci gaba da cinikin riɗi da dillalinsa na Dawanau. Zai fara da cewa, “Ina silima, ba zan iya magana ba,” kuma daga nan hirar take farawa. Kafin ya ajiye ka san nawa buhu, ka san direba ya maƙale a Zariya, ka san amarya ta yi yaji. Wanda ba ya magana kuma yana can yana latse-latse, hasken wayarsa na dukan gefen idonka. Ban ma zo kan mai dungurin bayan kujera da gwiwa ba, ko wanda ya riga ya kalli fim ɗin ya rako abokinsa don ya riƙa ce masa, “Ka ga mai gemun nan? Kar ka yarda da shi.”

Ni dai wayar ce ta tsaya mini a rai, har na kai ƙara wurin wani abokina injiniya, cikin masu hawa turakun sabis suna gyara. Na ce na ji akwai na'urar da ake kunnawa ta ɗauke sabis ɗin duk wayar da ke ɗaki. Me ya hana a kafa ta a kowane gidan silima kowa ya huta?

Ya yi dariya ya ce, “Ba ɗauke sabis take yi ba, ihu take yi. Wayarka da turke hira suke yi a kan wasu zangunan rediyo, irin megahaz 900 da 1800. Ita kuma sai ta cika zangon da hayaniya. Ka san mai tallan maganin basir da ke kafa lasifika a tasha, kana ganin bakin abokin maganarka yana motsi amma ba ka jin komai? To aikinta ke nan. Kuma ka taɓa ganin lasifikar da ta san iyakar rumfar mai ita?”

Wannan, in ji shi, shi ne tushen rigimar. Faransa ta gwada. A 2004 ministan masana'antunta, Patrick Devedjian, ya amince gidajen silima da na wasan kwaikwayo su kafa na'urar, bisa sharaɗin kada ta hana kiran gaggawa, kada kuma ta taɓa wayoyin mutanen da ke waje. Bayan wasu shekaru aka janye izinin. A Amurka kuwa haramun ce tun fil azal, a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 1934. Wani bawan Allah a jihar Florida, da ya gaji da ganin direbobi na waya a kan titi, sai ya ɗora ta a motarsa, ya yi kusan shekara biyu yana zuwa aiki da ita, yana barin shiru a duk inda ya bi. Da 'yan sanda suka tare shi, har rediyonsu sai da ya katse. Hukumar FCC ta ci shi tarar dala 48,000. Wallahi da na ji labarin mutumin nan, tausayinsa na ji, irin na ɗan uwa.

Da doka ta hana, sai masu silima suka koma dabara. A birnin Austin na jihar Texas, gidan Alamo Drafthouse ya kori wata budurwa a 2011 saboda latsa waya. Ta kira ta zazzaga musu masifa a na'urar ajiye saƙo, su kuma suka ɗauki muryar suka mai da ita talla suna kunna wa 'yan kallo. A Landan, gidan Prince Charles ya samo 'yan sa-kai a 2012, ya sanya musu baƙaƙen kaya masu rufe har fuska, suna laɓewa a duhu, kana ɗaga waya sai ka ji mutum a kanka. Na so wannan, amma na san a garinmu wanda ya fara gwadawa a asibiti zai kwana, don ba za a tsaya tambaya ba, aljani za a ce. A wasu gidajen wasa na Sin kuma fitilar leza ma'aikata ke haska wa mai waya har kunya ta sa ya mayar da ita aljihu.

Da abokina ya ga na yi tagumi sai ya ce, “Amma in shiru kake nema, akwai wani gidan silima a Abuja da ɗakinsu na ƙarshe yake ƙarƙashin ƙasa. Kankare da rodi sun kewaye shi, ba abin da ke shiga. Abin da Michael Faraday ya nuna ke nan tun 1836, da ya lulluɓe ɗaki da ƙarfe. Ba na'ura, ba karya doka, magina ne suka yi maka aikin ba su sani ba.”

Na sa masa albarka. Da tafiya ta kai ni Abuja, ban ko huta ba na nufi wurin.

Lokacin farkon 2023 ne, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo, kowa sai kati ko taransifa. Na sauka ƙasa, na duba waya, ba sabis ko ɗigo. Na yi hamdala. Na tsaya wurin mai gugguru na miƙa kati. Yaron ya zura shi a POS, na'ura ta yi ta juyi, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya dube ni ya ce, “Yallaɓai, sai mun hau sama.” Haka ya ɗaga na'urar bisa kansa ya kama matakala, ina biye da shi rungume da gugguru, bayana wasu mutum biyar kowa da katinsa a hannu. Sai da muka kusa ƙofar shiga ta turo rasit. Ya kamata a ce tun nan jikina ya ba ni, amma mai nema ba ya ganin aibu.

Na zaɓi kujerar can ƙarshe, a kusurwar sama, jikin ƙofar fita ta gaggawa, inda ba mai zama bayana balle ya dungure ni. Aka kashe fitilu. Jama'a, na ɗanɗani daɗi. Ba ƙarar waya, ba “ina silima”. Har takun jarumi a kan tsakuwa ina ji. Na ce a raina ashe haka fim yake.

Daga layin gaba aka fara. Hannu ɗaya ya tashi sama riƙe da waya. Sai na biyu. Kafin jarumi ya gama binne mahaifinsa, rabin ɗakin hannuwa ne a sama, kowanne da haskensa, ana karkata su hagu da dama. Na ji wani yana tambayar maƙwabcinsa, “Malam, kana da sabis? Wane layi ne naka?” Wani ya ba da fatawar a kashe waya a sake kunnawa, aka bi, kowace waya ta farka da kiɗanta. Wata baiwar Allah ta cire sim ya faɗi ƙarƙashin kujera, layinsu gaba ɗaya ya kunna tocila ana taya ta nema. Da can mutum ɗaya ke waya saura su yi tsaki. Yanzu ba mai waya, amma kowa na neman yi. Gudun gara, an faɗa gidan zago.

Ni ina kusurwata ina kallon ikon Allah, sai aljihun gaban rigata ya yi haske. Wayata ce, na sa ta a shiru tun daga waje. Saƙon kamfani ne, wai in danna lamba kaza in sayi waƙar kira. Na yi maza na dafe aljihun, amma wani yaro da ke gabana ya riga ya gani. Ya miƙe ya yi shela da iyakar muryarsa: “A nan akwai sabis!”

Ashe ta ƙasan ƙofar gaggawar nan wani ɗan guntun sabis yake silalowa, sanda ɗaya tak, kuma bai wuce kujerata ba.

Wani Alhaji ne ya fara isowa, da babbar riga da ƙamshin turare. “Malam, don Allah ɗan matsa, minti ɗaya.” Na matsa. Sabis bai kama ba sai da ya dafa kafaɗata ya kwantar da kansa jikin bango, kunnensa na sama. A haka ya kira direbansa ya tambaye shi ko ya sha mai, nawa lita, a wane gidan mai, me ya sa bai je na gaba ba. Bayansa layi ya riga ya kafu har matakala, kuma abin mamaki, layi mai tsari, har da mai cewa, “Ni ne bayanka.” Wani saurayi ya durƙusa tsakanin ƙafafuna yana rantse wa budurwarsa cewa yana wurin ta'aziyya, daidai lokacin da mota ta yi bindiga a fim. Wani yana jiran layi ya sa hannu a gugguruna, ya ci, ya ce gishiri ya yi yawa. Can sai ga yaron POS, labari ya kai masa. Ya ce, “Yallaɓai, ka taimaka, gwiwata ta gaji da hawa.” Ya ɗora na'urar a hannun kujerata, abokan cinikinsa suka biyo shi.

Fim kuwa ina hango shi ta tsakanin hammatar mutane. Na ga an ɗaura aure, ban san na wa ba.

Daga ƙarshe wata Hajiya ta iso, dattijuwa, irin wadda ba a ce mata a'a. Ta ce, “Ɗana, kai dogo ne. Riƙe mini wayar nan sama, saƙon murya nake so ya tafi wurin jikata.” Na miƙe tsaye na ɗaga waya iya tsawon hannuna. Ta ce in ƙara karkata ta gaba. Na karkata. Ta ce za ta koma ta zauna, ƙafa na damunta, in ya tafi in kawo mata.

A daidai nan tocila ta dalle mini ido. Ma'aikacin gidan ne da mai gadi. Kafin in ƙifta, layin nan ya watse, Alhaji ya koma kujerarsa ya harɗe yana kallon fim da natsuwar wanda bai taɓa motsawa ba, yaron POS ya ɓace da na'urarsa. Saura ni kaɗai a layin ƙarshe, tsaye, hannu a sama, kyamarar waya na fuskantar allo.

“Oga, ɗaukar fim kake yi?”

Na ce wane ni. Na ce ni ne ma mutum ɗaya tilo a ɗakin nan da ya zo don kallo. Suka ce in buɗe wayar su gani. Na ce ba tawa ba ce. Suka dubi juna. Mai gadi ya gyara riƙon da ya yi wa hannun rigata, muka fita, ina ji wani yana cewa, “Dama tun ɗazu shi ya tara mana jama'a.”

Ofishin manaja ma a ƙasan yake. Ya karanta mini laifin satar fasaha tiryan-tiryan, ya ce yanzu zai kira shugaban masu tsaro. Ya ɗauko waya, ya duba, ya ɗaga ta sama, ya nufi taga, ya tuna ba taga. Muka zauna muna kallon juna, ta bango ina jiyo kiɗan faɗan ƙarshe da ihun 'yan kallo. Sai da aka tashi Hajiya ta shigo tana dogara sanda, ma'aikaci na biye da ita. Ba ta dubi manaja ba, ba ta tambayi abin da ya kawo ni nan ba. Ta ce, “Ɗana, ya tafi?”

Bai tafi ba. Ta karɓi wayarta ta ce yaran yanzu ba a sa su aiki.

Ta ƙofar ofis na hango mutumin da ya ce gishiri ya yi yawa. Ya leƙo ya ce, “Malam, ka yi asara. Ashe mai gemun nan ne ya kashe uban.”

Manaja dai ya ba ni haƙuri, har ya rako ni bakin matakala. A hanya na kwashe labarin duka na faɗa masa, da Alhaji, da layi, da yaron POS, ina sa ran zai ce gobe za a toshe ƙasan ƙofar nan. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Da na gama sai ya waiga ya ga ba kowa kusa, ya zaro biro daga aljihu, ya buɗe tafin hannunsa, ya rage murya.

“Yallaɓai, lamba nawa ka ce kujerar?”