Yadda Ake Bikon Motar da Ta Yi Yaji Bayan An Sauya Mata Bututun Iska

Injin fetur yana aiki ne da iska da mai da tartsatsin fulogi. A ma'aunin nauyi, yana son kashi 14.7 na iska ga kowane kashi 1 na fetur, kuma kwamfutar mota ce ke riƙe da wannan lissafi. Mai motar da ya cire akwatin iyakilina na kamfani da hannunsa, ya ɗaura bututu mai ƙyalli don inji ya riƙa gurnani, ya dagula lissafin nan. Sakamakon yakan bayyana ne a danja: mota ta yi tari biyu ta mutu, masu adaidaita sahu suna ta danna hon a baya.

Matakin farko shi ne a wanke waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba. Mai gidan mai ba shi da laifi, maƙiya ma ba su yi jifa ba. Motar da ta kwana lafiya ta yini da ciwo, wanda ya riƙe sifana a tsakani shi ake fara tambaya, sannan a laluba aljihunsa ko akwai ragowar noti.

Na biyu, a duba sansar awon iska da ke bayan matatar iska. A cikinta akwai siririyar waya mai zafi. Gwargwadon yadda iska ke sanyaya ta, gwargwadon man da kwamfuta ke saki. Sau da yawa soket ɗinta yana nan yana lilo, murnar kammala aiki ta sa an manta da shi. A tura shi har ya ce ƙas. Idan akwai kibiya a jikin sansar, inji take nunawa. Haka kuma bututun da ya fi na asali faɗi yakan sa ta yi awon ƙarya.

Na uku, a nemo ɓarauniyar iska. Duk iskar da ta kutsa bayan sansa, kwamfuta ba ta san da zuwanta ba, don haka ba ta ware mata fetur. Abin ya fi tsanani a silo, lokacin da iskar halas ba ta da yawa. A ɗaure kowane kilif, a mayar da ƙaramin tiyon da ke fitowa daga murfin inji, a kasa kunne ko za a ji huci.

Na huɗu, man da ake shafa wa wasu matatun zamani. In aka cika hannu, yakan bi iska ya lulluɓe wayar sansa. Maganinsa feshin da aka yi musamman don ita, a bari ta bushe. Fetur da yatsa da tsinken sakace duk ba su da hurumi a nan.

Na biyar, idan an cire kan batir yayin aikin, kwamfuta takan manta silonta. A goge maƙogwaron totur, a bar inji ya ɗumama, ya yi kamar minti goma a tsaye, ba fitila ba na'urar sanyi. Lafiyayyen silo yakan zauna tsakanin juyi 600 zuwa 900 a minti.

In har yanzu motar tana fushi, a kai ta wurin rewaya ta faɗi damuwarta da bakinta. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, irin waɗanda suka cika titunan Kano da Kaduna, suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Na'urar rewaya za ta karanto lamba: P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, P0101 da P0102 kuma suna nuna sansa.

Mazaunin sabuwar matata ma abin lura ne. Wadda aka sauke ƙasa kusa da taya tana iya zuƙar ruwa da damina, ruwa kuwa ba ya matsuwa a cikin silinda, sai ya lanƙwasa ƙarfen fistin. Mai manyan ƙofofi kuma ƙurar hunturu take shayar da inji.

Gwajin ƙarshe shi ne a mayar da tsohon akwati, shi ya sa ba a gaggawar sayar da shi ga 'yan jari-bola. In mota ta daidaita, an gano mai laifi. In ba ta daidaita ba, a miƙa ta ga ƙwararren bakanike kafin a hau babban titi, domin injin da ya mutu ana tafiya yakan bar direba da sitiyari mai nauyi da birki mai tauri.