Ga Masu Fafe Gora Ranar Tafiya

Masu jiran farashin fasfo ya sauko, sannunku da jira. Ina fatan kun samu inuwa da tabarma, don alamu sun nuna zaman zai yi tsawo.

A watan Agustan 2024 ƙaramin fasfo, mai shafi 32 da wa'adin shekara biyar, naira 35,000 ne. Babban, mai shafi 64 da wa'adin shekara goma, naira 70,000. Kuka ce ya yi tsada, bari a ga yadda za ta kaya. Ta kuwa kaya. Ranar 1 ga Satumba na shekarar Hukumar Shige da Fice ta mayar da ƙaramin 50,000, babban 100,000. Kuka yi tsaki, kuka ce wannan ai fashi ne da tsakar rana, dole a janye, ku dai ba za ku biya ba. Shekara guda cif, 1 ga Satumban 2025, aka ninka: ƙaramin 100,000, babban 200,000. Duk sau biyun a ƙarshen Agusta aka yi sanarwa, kwanaki kaɗan kafin sabon farashi ya fara aiki, yadda ko ɗan tseren Argungu ne kai ba za ka haɗa takardu ka biya a tsohon kuɗi ba sai da kyar. To ina ribar jiran?

Na ji ka, Malam, kai da ke can baya kana cewa an biya ni ne in wanke gwamnati. Da an biya ni ai da ka ga alama a wuyana. Ni ma ƙarin nan bai yi mini daɗi ba, kuma ban ga ta inda za a kare shi ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan mai ƙaramin albashi zai yi wata guda da kusan rabi bai ci ba, bai sha ba, bai hau a-daidaita-sahu ba, kafin ya mallaki ƙaramin littafin. Babban kuwa kusan wata uku. Hukuma ta ce ta yi ƙarin ne don kiyaye inganci da martabar fasfon Najeriya. Martabar tana nan, Allah ya ƙara mata, amma daga aljihun talaka take cin abinci. An yi surutu a rediyo, 'yan adawa irin su Peter Obi sun soki abin, kwana biyu ƙura ta lafa, farashi yana nan inda aka ajiye shi. Saɓaninmu da kai ɗaya ne kawai. Kai kana ganin fushinka zai sauko da shi, ni kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura dubu, ban ga takardar gwamnati da aka ƙara wa kuɗi aka dawo aka rage ba.

Bari in juyo kan bayina Kanawa, masu lissafin kwabo. Alhaji na Kantin Kwari, na ga ka zaro kalkuleta. Kana cewa ka gano wayon: 100,000 a raba biyar, 20,000 ne a shekara, 200,000 a raba goma, 20,000 ne a shekara. Duk ɗaya, don haka gara ka yi ƙaramin ka juya ragowar dubu ɗari a shadda. Lissafi ya yi kyau, kamar ba Bakano ya yi shi ba. Sai dai ka manta abu biyu.

Na farko, wata shidan ƙarshe na kowane fasfo kusan matacce ne. Saudiyya ba ta karɓar fasfon da bai kai wata shida kafin ƙarewa ba, Daular Larabawa haka, ofishin bizar Sin haka. Ke nan mai shekara biyar, huɗu da rabi ka saya, kuma a cikin shekara goma sau biyu za ka yi wannan asarar, alhali mai babban littafi sau ɗaya zai yi. Na biyu, wa ya yi maka alkawarin cewa ranar da za ka koma sabuntawa za ka tarar da 100,000 tana jiranka? Maƙwabcinka da kuka yi wa dariya a Agustan 2024, wanda ya cire 70,000 ya yi na shekara goma, 7,000 yake biya a shekara, kuma ba zai sake jin sanarwar ƙarshen Agusta ta tayar masa da hankali ba sai 2034. Ga kuma maganar shafi. Kai da kake Guangzhou a Afrilu, kana can a Oktoba lokacin baje koli, ga Dubai a tsakani, ga Umara da azumi, kowace biza ta Sin tana cin shafi sukutum, hatimin shiga da na fita suna cin nasu. Shafi 32 zai cika tun wa'adi bai zo ba, kuma cikakken fasfo da wanda ya ƙare, hukuncinsu ɗaya a gaban mai ba da biza. Ka mayar da kalkuletar aljihu, Alhaji, a yau dai Bazazzagi ya fi ka.

Sai Baba Liman, wanda na san zai ce mini tafiya kira ne, in Allah bai kira ba ko da fasfo goma ba inda za ka. Allah ya gafarta Malam, ban isa in ja da wannan ba. Amma kowace shekara ana samun wanda kiran ya zo masa, ɗa ya biya masa kujera ko wani mai hali ya ba shi, aka ce kawo fasfo nan da Juma'a za a rufe, ya shiga ɗaki ya buɗe akwatin ƙarfe ya tarar littafin ya ƙare tun zamanin Buhari. Saudiyya yanzu ta hanyar na'ura take karɓar bayanan maniyyata, tana sa wa'adi da wuri, hukumar alhazai ta ƙasa da na jihohi suna bin wa'adin nan ne, ba su suke yanka shi ba. Kujerar Hajjin 2025 ta haura naira miliyan 8. Mutumin da ya yi shekaru yana adashin gata har ya tara wannan, a ce littafin dubu ɗari ne ya zaunar da shi a gida yana kallon Arfa a talabijin, ai ko maƙiyinsa ya tausaya.

To yaushe ya kamata a nema? Daga ranar tashi ake ƙirgowa baya. Ka ɗauki ranar da kake sa ran sauka, ka tabbata fasfonka zai ƙara wata shida bayanta. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen wata uku suke nema bayan ranar da za ka fito, da shafi biyu da ba a taɓa ba, amma kada ka yi wasa da wannan rangwame, kamfanin jirgi da ƙasar da za ka yada zango suna da nasu sharaɗin. Sai ka cire lokacin biza: ta Shengen kwana 15 ce a ƙa'ida, tana iya kaiwa 45, ta ziyarar Ingila kamar mako uku, ban da jiran ranar ganawa. Sai lokacin fasfon kansa. A 2021 ma'aikatar cikin gida ta sa mako shida ga sabo, mako uku ga sabuntawa. Minista Olubunmi Tunji-Ojo ya zo a 2023 ya tarar da fasfo sama da 200,000 sun maƙale, ya sa aka fitar da su cikin makonni, kuma tun Janairun 2024 ana cike takardu da ɗora hoto ta intanet. An samu sauƙi, ban musa ba. Amma mai hankali da mako shidan nan yake lissafi, in ya fito a mako biyu ya yi hamdala. Haɗa duka, ka ga wata uku zuwa huɗu kafin tafiya shi ne mafi ƙarancin abin da za ka ba kanka. Ɗalibin da ke neman gurbin karatu a Masar ko Indiya ko Malesiya, nasa ya fi haka, don tun a takardar neman gurbin ake tambayar lambar fasfo.

Wata huɗun nan ma, fa, idan sunanka bai yi maka tawaye ba ne. A nan ne yawancinmu muke faɗuwa, kuma a nan nake son masu cewa “ai kwana uku ne in kana da kuɗi” su matso kusa. Fasfo yanzu daga lambar NIN yake ɗauko bayananka, abin da ke can shi zai hau littafi. Kai kuma a takardar firamare Mamman ne, a sakandare Mohammed, a banki Muhammad, ranar da aka yi rajistar katin ɗan ƙasa yaron da ke kan kwamfuta ya rubuta Muhammed ya ɗora sunan garinku a matsayin sunan mahaifi. Ranar haihuwa kuwa kada a tona. Rabin unguwarmu 1 ga Janairu aka haife su, kai ka ce ungozoma ɗaya ce ta yi kwanan tsaye. Wani ya rage shekara uku don aikin gwamnati, wani ya ƙara biyu don ya yi zaɓe, yanzu na'ura ta haɗa takardun wuri guda tana tambaya wanne ne kai. Hajiya kuma ta yi NIN da sunan mahaifi, tana son fasfo da sunan Alhaji. Duk wannan ba a ofishin fasfo ake gyara shi ba. Sai ka koma hukumar katin ɗan ƙasa, ka biya kuɗin gyara, wani lokaci da rantsuwar kotu, ka jira gyaran ya hau, sannan ka dawo layi. Wannan jiran ba ya cikin alkawarin minista ko ɗaya. Kafin ka yi zancen tikiti, zaro takardar NIN ɗinka yau ka karanta ta harafi-harafi, kamar mai karanta takardar gado.

“Ni ina da mutum a ciki.” Madalla. Mutumin naka da ke tsaye a bakin ƙofa da jakar leda da biro a kunne, shi ma yana da mutum a ciki, wanda shi ma yake da nasa, kuma kowannensu da iyali. Ɗan kamasho ba ya son mai wata huɗu a hannu, don wannan zai shiga intanet ya biya kuɗin hukuma ya zaɓi ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu ya koma harkarsa. Wanda yake so shi ne kai, mai jirgi ranar Talata, mai gumi a goshi. A kanka ne dubu ɗari take zama dubu ɗari biyu ba tare da wata sanarwa ba, kuma ba ka da bakin zagin gwamnati a kan wannan ƙarin.

Kada kuma samarin majalisa su ce na ba su fatawa. Na san ku. Kai da ko Kaduna sai da dalili kake zuwa, kana son koren littafi don ka ɗora shi kan gwiwa ka ɗauki hoto ka sa a Facebook. Wa'adin fasfo daga ranar da aka buga shi yake fara tafiya, ko ka taka filin jirgi ko ba ka taka ba. In babu karatu, babu fatauci, babu niyyar Makka nan da shekara biyu, bar dubu ɗarinka ta yi maka jari. In ma Kwatano ko Lome ko Akara za ka sari kaya ta mota, akwai takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS da ta fi sauƙi, kuma yarjejeniyar 1979 ta ba ka kwana 90 ba biza. Ita dai ba ta kai mutum Jidda, kada a je a ce ni na faɗa.

'Yan'uwa mazauna waje, na hango ku kuna murmushi don ƙarin bai taɓa ku ba: dala 150 ƙaramin, dala 230 babban, yadda suke. Ku canza dala 150 ɗin zuwa naira tukuna, ku gaya mana wa ya kamata ya yi wa wani jaje.

Iyaye kuma masu cewa sun yi wa duk gida tare, an gama: na yara shekara biyar ne, ba a ba su na goma. Naka yana da rai, na autarka ya mutu bara, kuma a gaban kantar jirgi za a sanar da kai, ga kaya an auna, ga surukai sun yi rakiya.

Wanda duk ya duba akwatinsa yau ya tsira da kujerarsa, ina da hakki a tsaraba. Dabinon ajwa nake so da zamzam mai hatimi. Carbi da hula da aka saya a Kasuwar Kurmi ranar dawowa, a kai wa Kanawa, su suka sayar.