Ganuwar Takarda, Gagara Ambaliya

Tun da damina ta kankama, samarin Kebbe ba su da wata hira sai ta fim ɗaya. Da la'asar za ka tarar sun yi dafifi a rumfar mai cajin waya, wanda shi ne kuma mai tura finafinai, kowa na miƙa wuya yana tambayar ko ya iso. An ba su labarin cewa a cikinsa teku ke tasowa ta haɗiye birnin Landan, ruwa ya cika ramukan jirgin ƙasa, motoci su riƙa yawo a titi kamar ƙorai. Sunansa Flood, wato ambaliya. Turawan Ingila ne suka fitar da shi a 2007, Robert Carlyle ne jarumin. Duk wanda ya taɓa ganin gutsurensa a wayar wani ya zama malami a majalisa, ana saya masa shayi yana ba da fatawa. Wasu na fatan a samu wanda aka juya da Hausa kamar yadda ake yi wa na Indiya, don su ji irin kururuwar Bature idan ruwa ya kai masa wuya.

Ni da na ji labarin, tausayin mutanen Landan ne ya kama ni. A ce al'umma guda, da arzikinta da iliminta, sai ta tara kuɗi ta ɗauko 'yan wasa da gwanayen kwamfuta sun ƙago mata ambaliya kafin ta san yadda abin yake! Abin da suke sayen tikiti su zauna cikin duhu su kalla, mu har cikin ɗaki ake kawo mana shi, kyauta, daga Agusta zuwa Satumba, da sanyinsa da warinsa da kwaɗinsa. Wannan gata kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Akwai bayin Allah da suka yi tsayin daka shekara da shekaru don kada ya kuɓuce mana, kuma ƙin yaba musu butulci ne.

Su Ingila gajen haƙuri ne ya cuce su. A ƙarshen Janairun 1953 teku ta yi toroƙo ta afka wa gabashin ƙasarsu, mutum 307 suka mutu. Maimakon su aika tawagar jaje su koma harkokinsu kamar masu hankali, sai suka tsorata. A 1974 suka fara gina shinge a kan kogin Thames, kusa da unguwar Woolwich, suka gama a 1982, Sarauniya ta buɗe shi a 1984. Faɗinsa mita 520, ƙofofin ƙarfe goma, manyan cikinsu kowace ta haura tan 3,000, suna kwance a ƙasan kogi har sai an hango teku na tahowa a ɗaga su. Don tsabar rashin natsuwa, kowane wata sai sun gwada ƙofofin nan ko da sama ba hadari. Sun rufe shingen fiye da sau 200, a hunturu ɗaya na 2013 zuwa 2014 kaɗai sau 50. Ga sakamakon nan kowa na gani: yaro ya tashi a Landan har ya yi furfura bai taɓa ganin gadon ubansa yana iyo a tsakar gida ba. Mutanen Holan, waɗanda ruwan wannan dare ya kashe musu 1,836, su abin nasu ma ya wuce misali, don shekara arba'in suka yi suna toshe bakin teku kamar ba su da wani aikin.

Mu fa? A 2012 hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ƙirga mana mutum 363 da ruwa ya ci, fiye da miliyan biyu suka rasa matsuguni. A 2022 mamatan suka haura 600. Ko gezau. Wanda 307 ya firgita shi har ya kashe ɗaruruwan miliyoyin fam, ina zai haɗa kafaɗa da wanda ya ninka wannan adadi ya kuma kwana da minshari? Dattaku ke nan irin na manya.

Sirrin wannan natsuwa shi ne muna da ganuwar da ta fi tasu. Allah shi ja zamaninki, ganuwar takarda, gagara ambaliya! Katangar da ba a kwaɓa wa ƙasa, ba a ɗora wa tubali, ba ta tsatsa, ba ta neman fenti. Uwar fayil, kakar kwamiti, mai kwana cikin durowa ta wayi gari a taron manema labarai. Tauraruwar kasafin kuɗi, mai fitowa kowace shekara da sabon lulluɓi. Ruwa ya ci gona, ya ci rumbu, ya ci gada, amma tun da aka kafa ki ba a taɓa jin ɗigo ɗaya ya jiƙa miki gefe ba.

Dubi yadda take aiki, ka sha mamaki. Tun kafin hadarin farko, hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta faɗi yadda damina za ta kasance. Hukumar kula da koguna ta NIHSA ta bi baya da kundinta na shekara, jiha jiha, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, ga inda ruwa zai yi ɓarna, kuma Sakkwato ba ta cika ɓacewa daga jerin ba. Masana ne, aikinsu suke yi, sau da yawa kuma abin da suka faɗa shi ke faruwa. Wata ƙasar da ba ta san darajar ilimi ba sai ta ɗauki irin wannan kundi ta wulaƙanta shi a bakin gulbi, cikin laka, a hannun masu tuƙa katafila. Mu kuwa girmama shi ake yi. A ƙaddamar da shi a babban otal a Abuja, da Turanci mai kyau, a yi tafi, a ɗauki hoto, a naɗe shi a ajiye inda ƙura ma sai da izini take shiga. Daga nan sai sanarwa ta fito a rediyo cewa mazauna bakin gulbi su koma kan tudu. Kalma shida ko bakwai, an gama kare rayuka. Ba a ɓata wa manomi lokaci da bayanin wane tudun, na wane ne, wa zai ba shi fili, da me zai yi rufi, ko kuma wa zai ɗauko masa fadamar da shinkafarsa da albasarsa ke ciki ya kai masa can. An bar masa wannan don a nuna an yarda da basirarsa.

Shi ma Gulbin Zamfara ya cancanci a sara masa, don a duk ma'aikatan yankin nan babu mai cika alkawari kamarsa. Ya gangaro daga Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya nufi Jega, bai taɓa cewa ba a biya shi alawus ba. An sare itatuwan da ke riƙe masa gaɓa an yi gawayi, ƙasa ta zube cikinsa, yashi ya cike masa ciki har ya zama faranti, don haka ruwan da a da yake ɗauka cikin nutsuwa yanzu sai ya raba wa maƙwabta. Wani mai katsalandan zai ce a yashe shi, a ɗaga masa gaɓa, a mayar da itatuwan. Shugabanninmu sun fi haka ladabi, ba sa shiga harkar da ba a gayyace su ba. A Agustan 2024 ya shiga Gummi ya raba dubban mutane da gidajensu. Magabata sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu an hutar da mu wahalar ɗebowa, ruwan da ƙafarsa yake zuwa.

Kada a ce ba a yi aikin ƙasa ba, an yi. Akwai magudanar siminti mai ban sha'awa wadda ta faro daga ƙofar gidan wani babba, ta yi tafiyar taku ɗari cikin ƙasaita, sannan ta tsaya cak a tsakiyar unguwar talakawa ta sauke musu kayanta, don a san arziki na kowa ne. Akwai kwalbatin da aka auna da ruwan watan Maris. Akwai filayen da aka yanka a kan hanyar ruwa aka sayar da takarda da hatimi, saboda ruwa bai zo ofis ya nuna tasa takardar ba. Mu talakawa ma ba a bar mu a baya ba wajen hidimar ƙasa: duk ledar ruwan da muka sha, duk tokar murhu da sharar gida, a lambatu muke adana su, har ya cika ya batse ya zama hanya. Gidan ƙasa kuwa, da ruwa ya kwana biyu a gindinsa, sai ya durƙusa da kansa cikin biyayya, yawanci da tsakar dare lokacin da kowa ke ciki.

Kuɗin aikin ma akwai su. Tun 1981, zamanin mulkin ɗan maƙwabtanmu Alhaji Shehu Shagari, aka kafa asusun kula da muhalli don zaizayar ƙasa da ambaliya da gurgusowar hamada, ana yanka masa kasonsa daga asusun tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi na da rabo. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan. Ban taɓa ganin amarya mai alkunya irin wannan asusu ba. Ana jin guɗar shigowarta, ana jin an kai gara, amma ka bi bakin gulbi daga Kuchi har Kebbe kana tambaya, da wuya ka sami wanda zai ce maka ya ga fuskarta. Tarbiyya ta gari ke nan.

Manyan madatsunmu su ne suka ɗaga sunanmu a fagen wasan da Turawa ke kwaikwayo. Bagauda ta Kano ta fashe a 1988. A Satumbar 2010 ruwan Rima ya ƙetare Goronyo ya share ƙauyuka da gonaki, ya yanke gadar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da birnin Sakkwato, ilimi ya koma tsibiri. Alau ta Maiduguri ta yi gwaji a 1994, aka ba ta shekara talatin cif ta sake shiri ba tare da an takura mata ba, sannan a ranar 10 ga Satumba 2024 ta fito da cikakken shirin: rabin birni a ruwa, fursunoni fiye da 200 sun fice ta katangar da ta faɗi, kadoji da macizan gidan namun daji sun shiga unguwanni. Wane darakta ne a Landan zai rubuta haka a yarda da shi?

Amma sarauniyarsu duka ita ce Dasin Hausa ta jihar Adamawa. Kamaru ta gama madatsar Lagdo a kan Binuwai a 1982, aka tsara Najeriya za ta gina tata a ƙasa don ta tare ruwan da za a riƙa sakowa. Ranki ya daɗe, Dasin Hausa, gagara fashewa, wadda ba ta taɓa tsagewa ba, ba ta taɓa yoyo ba, ba ta taɓa cin ko ɗan akuya ba! Injiniyoyin duniya na ta fama da yadda za a yi madatsar da ba za ta karye ba, namu sun gano tun tuni cewa wadda ba a gina ba ita ce kaɗai ke da wannan daraja.

Sai ranar da ganuwar takarda ke hawan sallarta, wato bayan ruwa ya janye. An kwashe mutane an zuba a azuzuwan firamare, yara sun sami hutun da ba ya cikin kalanda, rijiyoyi sun haɗu da masai, amai da gudawa sun fara zagayen gaisuwa. Can sai ka ji jiniya. Motoci masu baƙin gilashi a jere, manyan riguna sun sha sitati, takalma ba su san laka ba. A tsaya inda ƙasa ta bushe, a jajanta, a ce abin daga Allah ne, wanda kuwa gaskiya ne, kuma babu mai ƙarfin halin tambayar ko kwalbatin ma daga nan yake. Sannan a sauke kaya: buhun shinkafa, katan ɗin taliya, tabarma, bargo, gidan sauro, bandir ɗin kwano. Ga dattijuwa nan da ruwa ya tafi da rumbunta na gero, abincin shekara guda, da awakinta biyu da take ajiyar auren jikarta. An kira ta gaba, an miƙa mata bokitin roba, an ce ta riƙe da kyau ta dubi mai hoto. Wanda ya yi tunanin bai wa matar da ruwa ya raba da komai abin ɗiban ruwa, ai hikimarsa ta wuce a biya shi da albashi kawai.

Kuma a lura da falalar wannan tsari a kan na Turawa. Shinge sau ɗaya ake gina shi, sau ɗaya ake yanka ƙyalle, daga nan sai ya yi ta aiki shiru babu mai gode wa kowa. Gidan da bai rushe ba ba ya fitowa a labarai. Agaji kuwa kowace shekara sabo ne, da kwangilar sayensa, da kwamitin rabonsa, da ƙaramin kwamitin tantance sunayen da babban kwamiti ya tantance, da sunayen 'yan uwa da ruwa bai kai unguwarsu ba amma zuciyarsu ta jiƙe saboda tausayi. Wa zai yanka saniyar da ke ba da nono kowace damina don kawai ya huta da sayen dusa?

An ce a cikin fim ɗin akwai wani dattijon masani, uban jarumin, wanda ya daɗe yana gargaɗin cewa irin wannan rana na zuwa, manya suka mayar da shi mahaukaci. A nan kaɗai ne na ga Turawan sun kusa kamo mu, ko da yake su sai da suka ɗauki ɗan wasa suka biya shi ya yi wannan rawar.

Jiya mai cajin waya ya tabbatar cewa fim ya iso, ranar Alhamis bayan isha'i za a haska a gidan kallo. Mai gidan, mutum ne mai hangen nesa wanda da a ce ana naɗa kwamishina da cancanta da tuni an wuce wurin, ya ɗora talabijin a kan durom biyu, ya ɗaga janareto a kan benci, ya jera buhunan yashi shida a bakin ƙofa da kuɗin aljihunsa. Ya ce 'yan layin gaba su riƙe takalmansu a hannu. Fim ɗin bai cika awa biyu ba, masunta kuma sun ce tun shekaranjiya gulbi ya taɓa gindin ƙiryar nan ta bayan makaranta.