Kuɗi Sun Koma Gidan Ubansu

Kafin Naira, kafin ma sulallan Bature, da wuri ake ciniki a kasuwar Kurmi, kuma da yawa daga cikinsa daga tsibiran Maldibs ya taso, can tsakiyar Tekun Indiya. Mutanen can kan shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa, wuri ya manne, su kwashe su shanya a rairayi. Ibn Baɗuɗa, wanda ya yi alƙalanci a can wajen 1344, ya ga ana ba da wuri dubu 400 kan dinari ɗaya. A Gao kuwa 1,150 kacal. Wato abin da kakanni suka yi ta ƙirgawa har yatsu suka yi kanta, a Maldibs tsintarsa ake yi.

Yau reshe ya juye da mujiya. A 2024 baƙi sama da miliyan biyu suka sauka ƙasar da mutanenta ba su wuce rabin miliyan da ɗoriya ba, kowa da guzurin da zai mayar wa teku. Wanda aljihunsa ya fi nauyi ba ya zama otal. Jirgin ruwan alfarma yake haya, da matuƙi da kuku, wai zai zaga tsibirai.

Tsibiran sun kusa 1,200, a jere cikin zobba 26 na murjani, kuma kusan 200 ne kawai ake zaune a kai. Mai hayar jirgi na mako guda kan leƙa biyar ko shida, ya dawo gida yana ba da labari kamar shi ya gano su.

A ɗauki Alhaji misali, irin wanda a kowane jirgi ba a rasa shi, ko daga Mosko ya zo ko daga Abuja. Ya sanar da duniya cewa zai tafi inda ba mai damunsa. Ƙafarsa na taka jirgi, tambayarsa ta farko ita ce lambar sirrin intanet. Ta biyu, ina zai ajiye takalmi, don ba a taka daɓen katakon da shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana fafutukar kada a sake ganinsa ba takalmi, ga shi ya biya dala ana tuɓe masa.

Da safe kuku ya kawo mas huni: kifin tuna da kwakwa da albasa da barkono, da gurasar roshi. Karin kumallon masunci ke nan, wanda ke wucewa a kwalekwalensa, dhoni, bai biya ko sisi ba. Alhaji ya ɗauki hoton farantin ta fuska uku. Ci kuwa sai a hankali, don tun daren jiya igiyar ruwa ke dama masa hanji kamar fura.

"Alhaji, gyara tsayuwa, ka ɗan yi murmushi," in ji Hajiya, waya a hannu.

"Hajiya, yi sauri, abin yana tasowa."

A daidai lokacin wani kunkurun teku ya leƙo, ya dube su, ya nutse. Yaron jirgi kaɗai ya gan shi.

Maldibs ce ƙasa mafi kwanciya a duniya: tudunta bai fi mita ɗaya da rabi ba a matsakaici. A 2009 Shugaba Mohamed Nasheed ya tara ministocinsa taro a ƙarƙashin ruwa, don duniya ta ga teku na neman haɗiye su. Ministoci sun nutsa da kayan ninƙaya. Alhaji kuwa, da rigar ceto ɗaure har wuya, ya tsoma babban yatsan ƙafa ya janye.

Ranar komawa aka biya ta Male, babban birnin ƙasar, sayen tsaraba. A wani kanti Hajiya ta hango sarƙar wuri, farare tas, ta ce ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Alhaji ya zaro dala, bai ko taya ba, aka naɗe masa guda shida.