Jan Leshin Goggo Yana Cikin Fim

Har yau akwai gidaje a danginmu da ba a ambaton sunana sai an ƙara da "wanda ya cinye kalar biki". Na daɗe ina neman inda zan wanke kaina, don haka ku ba ni aron hankalinku.

Cikin shekarun 1990 ina yaron shago a wani ɗakin hoto a Kano. Maigidana gwani ne a wankin baƙi da fari, irin na fasfo da na takardar makaranta. Mai kala kuwa ba ma taɓawa, Sabon Gari ake kai wa masu inji. Da bikin yayata ya zo, Goggo ta ce ga mai hoto a gida, don me za a kai kuɗi waje? Ta sayo Kodak Gold mai ɗauka 36, ta damƙa mini kuɗin wanki tun kafin kamu. Kuɗin nan bai ga ranar buɗar kai ba. Tsire ya ci rabi, sinima ta ci sauran.

Sai na zauna na yi lissafi irin na masu ilimi. Fim ai fim ne. Mai kala ma gishirin azurfa ne a jikinsa, sai dai an shimfiɗa shi hawa uku, ɗaya na kama shuɗi, ɗaya kore, ɗaya ja. Ga galan ɗin D-76 a ƙarƙashin tebur, maganin wankin baƙi da fari da Kodak ta fitar tun 1927. Ga maigida ya tafi ta'aziyya ƙauye. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mini shi ne, kalar ba a shirye take zaune ba. Sai maganin C-41 ya ratsa hawa ukun nan a zafin digiri 37.8, na minti 3 da daƙiƙa 15, sannan rini ke fitowa. D-76 bai san wannan zance ba, azurfa kawai ya sani.

Shi kuma digiri 20 yake so, a Kano, a watan Afrilu. Ruwan tankinmu ranar kusan ya kai zafin da fim mai kala ke nema, amma haka na ci bashin ƙanƙara wajen mai zoɓo na sanyaya shi. Na kashe jar fitila, tunda wannan fim yana ganin ja, na naɗa shi cikin duhu ina zufa, na zuba magani, na ƙiyasta lokaci da ka, na bi da haifo, maganin kafe hoto.

Abin da ya fito kamar ƙanzon tukunya yake. Fim mai kala dama yana da launin lemo a jikinsa, ga kuma wani siririn hawa mai ruwan ɗorawa da maganin C-41 ke wankewa, haifo kuwa ba ruwansa da shi. Sai da na ɗaga wa rana sannan na hango wasu inuwoyi, na gane ɗaurin ɗankwalin Goggo.

Wajen bugawa ne na raina kaina. Takardar baƙi da fari ba ta ganin ja da danginsa, shi ya sa ake aiki da jar fitila, ni kuma ga shi ina tura mata haske ta cikin launin lemo. Hoton da kan ci daƙiƙa goma sai ya ci mintoci, ina tsakiyar ƙirga a ɗauke wuta, in sake daga farko.

Dangin amarya ja suka yi anko, dangin ango kore. A hotunana duk toka-toka suka fito, ba ka bambance ɗan gida da baƙo. Goggo, wadda sai da ta sayar da tunkiya ta yanki leshi, ta fito daidai da kishiyarta mai atamfar bara. Ta juya hoton, ta duba bayansa.

"Kai ɗan nan, ina jan leshina?"

"Yana ciki, Goggo."

"Cikin ina?"

"Cikin fim ɗin. Bai fito ba ne."

"To shiga ka fito da shi."

Ango ya tambaya ko bikin babansa ne na ɗauko. Kaka ce kaɗai ta sa mini albarka, ta ce rabonta da ganin hoto mai kamala irin wannan tun zamanin Sardauna.

Kuma ban yi wa Goggo ƙarya ba. Sinadaran rinin suna nan a jikin fim ɗin. In aka mayar da azurfar gishiri, aka haska ta, aka sake wankewa da C-41, kala na dawowa, ko da ba ta cika ba. Yanzu ma akwai masu yin abin da na yi da gangan: su sami tsohon fim, su jiƙa shi awa guda a Rodinal, wani maganin baƙi da fari, kashi 1 cikin ruwa kashi 100, su ce fasaha ce. Sannan ku duba hotunan kala na wancan zamani da ke rataye a falo, yawanci sun koɗe sun yi jaja-jaja. Nawa kuwa yadda suka fito haka suke, ba abin da ya rage da zai koɗe.

Fim ɗin yana cikin adakar Goggo, duk Sallah sai ta ɗauko shi ta ajiye a gabana kafin a zubo mini tuwo. In akwai wanda ke da sauran maganin C-41 a Kano, don Allah ya taimaka.